Sabon Maganin Barci da Inshorar Lafiya: Yadda Za Ka Bi Idan An Ce Sai Dai Mai Araha

Idan likita ya rubuta maka sabon samfurin maganin barci, ka kai takardar tagar inshora aka ce wannan ba a biyansa, akwai irinsa mai araha, ina roƙonka kada ka tsaya musu da wanda ke bayan tagar. Aikina ke nan, harhaɗa magunguna a wani asibiti a nan cikin Kano, kuma sau da yawa ni ce a bayan tagar. Ba ni da ikon ƙara ko ƙwaya ɗaya a jerin magungunan da inshora ke biya. A ɗakin likita da teburin inshora ake kashe wannan magana, kuma da takarda ake kashe ta. Mutumin da ya kwana uku idonsa biyu ba shi da ƙarfin zirga-zirga, shi ya sa nake so ka san hanyar tun kafin ka baro gida.

Ka fara da sanin yadda inshora ke kallon magani. Ba ta kallon kwali, ba ta kallon sunan kamfani, sunan sinadarin da ke cikin ƙwayar da ƙarfinsa da siffarsa ta sani. Haka tsarin yake tun zamanin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da ta fara aiki a 2005, haka kuma yake bayan dokar 2022 da ta mayar da ita NHIA. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke wannan tsari yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, amma fa maganin da ke cikin jerin hukumar. Ma'aikatan jiha da ke ƙarƙashin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, su ma da nasu jerin da tasu ƙa'idar. Akwai kuma wani abu da yawancin mutane ba su sani ba: a matakin farko, asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadajjen kuɗi ne duk wata a kan kowane mutum da ke rajistarsa, ko ya zo ko bai zo ba. Daga cikin wannan kuɗin ake duba ka, a ba ka magani. To idan kwali ɗaya na sabon samfuri ya cinye kason mutane da yawa, ka ga dalilin da asibiti ke noƙewa.

Yanzu ɗauko kwalin, ko takardar likitan. A jikin yawancin kwalaye akwai suna biyu: babba mai ado, wanda kamfani ya raɗa, da ƙarami a ƙarƙashinsa, wanda shi ne sinadarin. Ƙaramin za ka karanta, tare da ƙarfinsa na miligiram da duk wasu haruffa da suka biyo baya, irin su CR ko ER ko MR, masu nuna cewa ƙwayar tana sakin maganin a hankali. Da zarar ka karanta wannan, maganin naka zai faɗa ɗaya daga cikin gida uku, kuma kowane gida da yadda ake binsa.

Gida na farko shi ne mafi sauƙi. Sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, ƙwayar haɗiya iri ɗaya, kamfani ne kawai daban. Misali zolpidem, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992 da sunan Ambien, a Turai kuma ake sayar da shi da sunan Stilnox. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana samun kariyar doka ta shekara 20 daga ranar da ya shigar da rajistar ƙirƙirar. Idan ta ƙare, sauran kamfanoni sukan yi nasu, su nuna wa hukuma cewa nasu yana shiga jini daidai da na asalin, shi ne ake kira janarik. Na zolpidem ya fito a Amurka a 2007. Idan naka a wannan gidan yake, shawarata ka karɓi janarik ɗin ka tafi gida. Na san abin da ake faɗa a gari, wai ɗan Indiya ba ya ji kamar ɗan Ingila. Tsoron da ke ƙarƙashin maganar gaskiya ne, domin jabun magani yana nan a kasuwa. Amma tsada ba ta raba ka da jabu, masu yin jabu ma sun fi son kwaikwayon mai tsadar. Abin da zai tsare ka shi ne lambar NAFDAC a jikin kwali, ranar lalacewa, da kuma inda ka karɓa.

Gida na biyu shi ne inda rigimar take, kuma nan zan daɗe. Sinadarin tsoho ne, amma an sake masa siffa. Zolpidem ɗin nan dai, a 2005 aka fito da Ambien CR, mai hawa biyu: hawa ɗaya ya narke nan take ya sa ka barci, ɗayan ya riƙa sakin maganin a hankali cikin dare. A 2008 aka amince da na fesawa a baki, a 2009 na sakawa a ƙarƙashin harshe, a 2011 kuma wani ƙaramin na ƙarƙashin harshe mai suna Intermezzo, domin wanda ke farkawa tsakar dare. Haka doxepin, tsohon maganin ciwon damuwa ne, sai a 2010 aka fito da shi a ɗan ƙaramin ƙarfi, miligiram 3 da 6, da sunan Silenor, a matsayin maganin barci. Ka lura da shekarun. Mai hawa biyun ya fito shekara biyu kafin janarik ya shigo kasuwa. A ganina wannan ba dace ba ne kawai, kamfani yana neman abin da zai ci gaba da sayarwa da tsada bayan kariyar tsohon ta ƙare. Masu inshora sun san haka, shi ya sa suke kallon irin waɗannan da shakku. Gero ɗaya ne, wani an yi fura, wani an yi kunu.

Sai dai ba zan ce siffa ba ta da amfani ba, domin wani lokacin ita ce komai. Tambayar da za ka yi wa kanka, kuma ka amsa wa likita da gaskiya, ita ce: wane irin rashin barci ne nawa? Idan matsalarka ita ce kwanciya ka yi ta juyi har ƙarfe ɗaya, amma da barcin ya ɗauke ka sai asuba, to ƙwaya ta yau da kullum ta wadatar, ba ka da hujjar neman mai hawa biyu, kuma inshora ta yi daidai da ta ƙi. Idan kuwa barci na ɗaukarka da wuri amma ƙarfe biyu ka farka idonka ƙyar, an gwada ta yau da kullum ba ta riƙe ka ba, nan akwai magana. Haka wanda ba ya iya haɗiyar ƙwaya, kamar wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ko aka yi wa aiki a maƙogwaro, na ƙarƙashin harshe a wurinsa buƙata ce. Kuma ka tambaya ko sabuwar siffar ita ma ta samu nata janarik ɗin, domin zolpidem mai hawa biyu shi ma wasu kamfanoni suna yinsa yanzu.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu Kanawa musamman, wanda ba kasafai ake kawo shi a ɗakin likita ba. Zolpidem ana so bayan ka sha ka samu awa bakwai zuwa takwas a kwance. Mu kuwa da yawanmu sai sha ɗaya muke kwanciya, ƙarfe biyar an kira assalatu mun tashi. Awa shida ke nan. Wanda ya sha mai saki a hankali, ya tashi da asuba, ya hau babur ko ya ja Adaidaita Sahu ya shiga titin Zariya da sassafe, maganin yana nan a jininsa ko da shi yana jin ya wartsake. Saboda irin wannan ne hukumar magunguna ta Amurka, FDA, a 2013 ta rage ƙarfin da ake fara ba mata, daga miligiram 10 zuwa 5 a ƙwaya ta yau da kullum, daga 12.5 zuwa 6.25 a mai hawa biyu, domin jikin mace ya fi jinkirin fitar da shi. Na ƙarƙashin harshe na tsakar dare shi ma sai in akwai sauran awa huɗu kafin ka tashi. Don haka ka faɗa wa likita lokacin kwanciyarka da na tashinka da irin sana'arka. Sau da yawa wannan bayanin kaɗai yake nuna cewa mai tsadar ma bai dace da kai ba.

Kada kuma ka yi wa kanka dabara a gida. Mai hawa biyu ba a raba shi, ba a tauna shi, ba a daka shi a zuba a kunu, domin duk abin da aka tsara ya fita cikin awanni zai fita lokaci guda. Ƙwaya biyu ta mai araha ba ta zama ɗaya ta mai tsada. Buɗe kafso na doxepin mai ƙarfi don a ɗebi kaɗan shi ma ba aikin gida ba ne.

Gida na uku shi ne sinadari sabo fil. Suvorexant da aka amince da shi a 2014, lemborexant a 2019, daridorexant a 2022. Waɗannan suna toshe wani saƙo ne a ƙwaƙwalwa mai suna orexin, wanda ke riƙe mutum a farke, hanyar aikinsu daban da ta tsofaffin. Galibi waɗanda nake gani da irin wannan takarda sun dawo ne daga ganin likita a Masar ko Indiya ko Dubai. A nan idan an ce maka akwai madadinsa, ka gane cewa wani magani ne daban ake nufi, kuma ba ni da hurumin musanya maka shi a taga, sai likita ya sake rubutawa. Kafin ka wahalar da kanka, ka sa mai harhaɗa magani ya duba maka ko yana da rajistar NAFDAC. In ba shi da ita, kada ka sa ran inshora za ta biya, kuma ka yi tunanin abin da zai faru ranar da wanda ka taho da shi ya ƙare. Gara ka kai takardar da rahoton asibitin can wurin likitanka na nan tun da sauran ƙwayoyi a hannunka, a tsara abin da za a iya samu a gida.

To a ce ka duba, kuma kana da hujja ta gaskiya. Ga yadda ake gina ta.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubutawa na mako biyu: ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa kake jin barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, me ka sha, yaya ka wuni. In rubutu na ba ka wuya, wani a gida ya rubuta maka. Wata Hajiya da ke zuwa wurinmu, 'yarta ce ta riƙa cike mata a bayan kalanda, kuma wannan takardar ita ta nuna wa likita cewa farkawar tata duk ta tashi fitsari ce. Da na tambaye ta, “Hajiya, maganin hawan jinin nan mai sa fitsari, yaushe kike sha?” sai ta ce bayan isha'i, don kada ta manta. Likita ya mayar mata da shi safe, maganar sabon maganin barci ta mutu a nan.

Idan littafin ya tabbatar da buƙatar, ka roƙi likita ya rubuta maka wasiƙa, kuma ya sa bayanin a fayil ɗinka. Wasiƙar da ke aiki tana faɗin cutar da aka gano, maganin da aka riga aka gwada da sunansa da ƙarfinsa da tsawon lokacin da aka sha, abin da ya biyo baya, da dalilin da ya sa sabuwar siffar ce kaɗai ta dace. Wasiƙar da ta ce kawai majiyyaci ya fi son wannan, ba ta zuwa ko'ina. Mafi yawan masu inshora suna so su ga an fara gwada mai araha tukuna, don haka in ba a gwada ba, ka yarda a gwada yadda ya kamata, a rubuta sakamakon.

Sau da yawa za a ce sai ka ga ƙwararren likita. Wannan yana buƙatar takardar turawa daga asibitinka na farko, da lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorarka, wato HMO. Kada ka tafi ba lambar, in ka tafi da aljihunka za ka biya. A 2025 hukumar NHIA ta umarci waɗannan kamfanoni su riƙa bayar da lambar cikin awa ɗaya da nema, don haka in an bar ka zaune tun safe har la'asar, kana da bakin magana. Kuma in an tura ka ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa, a Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, don Allah kada ka ji an ce kai mahaukaci ne. Na ga mutane sun yage takardar turawa saboda wannan, abin yana ba ni takaici, domin su ne suka fi kowa sanin magungunan barci, kuma sa hannunsu ya fi nauyi a wurin masu inshora.

A teburin inshora ka nemi a nuna maka jerin magungunan da idonka. Ka rubuta ranar da ka je da sunan wanda ya saurare ka, ka riƙe kwafin kowace takarda, ko da hoto ne a waya. In an ƙi, ka ce cikin ladabi a ba ka dalilin a rubuce. Da wannan za ka kai koke wurin HMO ɗinka, in ba a ji ba ka wuce ofishin NHIA na jiha, ko ofishin KSCHMA in kai na jiha ne. Wanda kuma kamfani ko banki ya yi wa inshora mai zaman kanta, ya nemi takardar da ta lissafa abin da tsarinsa ya ƙunsa, domin akwai hawa-hawa, wasu suna da iyakar kuɗin magani na shekara, wasu kuma sukan yarda su biya kuɗin janarik kai ka cika ragowar. Ka tambayi wannan kai tsaye. Abu ɗaya da nake nanata wa kowa: kada ka saya da kuɗinka da tunanin za a mayar maka, sai an amince tukuna a rubuce. Rasit kaɗai ba ya tilasta wa kowa biya.

Gaskiyar magana, a tsarin gwamnati sau da yawa amsar za ta tsaya a a'a, ko da wasiƙar ta yi kyau. In ka yanke shawarar saya da kanka, kada ka ɗauki na wata uku. Ka sayi na mako ɗaya ko biyu ka gani, don zolpidem da ire-irensa dama na ɗan lokaci ne, a ƙa'idar Turai ba a so ya wuce mako huɗu. Ka kuma lissafa da tsadar da ta biyo bayan faɗuwar Naira tun 2023, shekarar da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. Magungunan manyan kamfanonin waje sun yi tsada, wani lokacin kuma su ɓace daga kanti. Ka saya a famasi mai rajista, wanda zai nemi takardar likita. Kasuwar magani ta Sabon Gari da aka tasa zuwa Dangwauro a 2024 wurin 'yan sari ce, ba wurin da majiyyaci zai je neman ƙwaya goma ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda inshora ta ƙi, sai ya bi ta kemis ɗin unguwa ya ce a ba shi Valium ko Lexotan ko Rochi. Arha ne, kuma daren farko za ka yi barci. Amma cikin 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ta daina isa, ranar da ka rasa kuma rashin barcin ya dawo ya fi na da. Wanda ya daɗe yana sha, kada ya yanke lokaci guda, yana iya jawo jijjiga, likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Tsofaffi kuwa waɗannan ƙwayoyi na sa su faɗuwa idan sun tashi kama ruwa da dare, kuma karayar ƙugu a tsufa ba ƙaramin abu ba ce. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, maganin barci na iya ƙara masa haɗari, matarsa ce ma ya kamata ta shiga wurin likita ta ba da labari. Haɗa maganin barci da tiramadol ko kodin na iya tsayar da numfashi. Sabbin siffofin ma ba su tsira ba: a 2019 FDA ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan zolpidem da eszopiclone da zaleplon, saboda an samu waɗanda suka tashi cikin barci suka yi tafiya ko tuƙi ba su sani ba. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi, ya daina sha ya koma asibiti a ranar.

Kafin duk wannan ɗawainiya, ka ci moriyar abin da inshorar ta riga ta biya, wato ganin likita da gwaje-gwajen farko. A duba suga da hawan jini, a duba magungunan da kake sha, domin prednisolone da wasu magungunan mura da na asma suna hana barci. Ka faɗi yawan goron da kake ci da yamma, da shayi ko Nescafe na wurin mai shayi bayan isha'i, da barcin rana mai tsawo. Zafin watan Afrilu ba wuta ba fanka ba cuta ba ce, ƙwaya ba ta maganinsa. In damuwa ce ko baƙin ciki da ya ƙi tafiya, shi za a yi wa magani. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa ga rashin barcin da ya daɗe, a fara da horon gyaran ɗabi'ar barci da tunani kafin ƙwaya: tashi a lokaci ɗaya kullum, barin gado in barci ya ƙi zuwa a koma sai an ji shi, rage zaman kan gado da waya a hannu. Ka tambaya ko asibitin da aka tura ka yana da masanin halayyar ɗan Adam da ke koyar da wannan, kuma ko lambar amincewarka ta haɗa da ganinsa. Ranar komawa asibiti ka tafi da littafin barcin, da katin inshorarka, da duk kwalayen magungunan da kake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na Islamik kemis.